Ina Allah Yake a Labarin Yusufu?

Tambaya: Ina karanta Littafi Mai Tsarki, amma labarin mutane kaɗai nake riƙewa. Yaya zan gane halin Allah?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗauki biro, ki buɗe Farawa 39, ki ja layi duk inda aka ambaci Ubangiji. Sau huɗu aka ce yana tare da Yusufu: biyu a gidan maigidansa Fotifar, biyu a kurkuku. Mutane da yawa haƙurin Yusufu suke yabo, su manta da wanda ya riƙe shi.

Daga nan ki duba Fitowa 34:6-7, inda Allah ya faɗi halinsa da kansa: mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Kada ki tsallake aya ta 7, don tana maganar hukuncinsa ma.