Amsa: Dalilin Mikiyar da ke Kan Hular Sojojin Dokin Scotland

Malam, ka tambaya me ya sa rundunar Birtaniya mai suna Royal Scots Dragoon Guards take ɗauke da alamar mikiyar Faransa a hularta. Ganimar yaƙi ce. An kafa rundunar Royal Scots Greys, wadda wannan runduna ta gada, a 1681, kuma sunan ya samo asali ne daga dawakai masu launin toka da mahayanta suka shahara da su. A yaƙin Waterloo na 1815, lokacin da suka yi sukuwa cikin dakarun Napoleon, Saje Charles Ewart ya ƙwace siffar mikiyar da ke saman tutar runduna ta 45 ta Faransa, abin da sojan Faransa ya gwammace ya mutu da ya rasa. Mikiyar tana nan ajiye a fadar Edinburgh.

In ka duba da kyau, za ka ga baƙin ƙyalle a bayan alamar. Makoki ne na Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, wanda aka naɗa shugaban girmamawa na Royal Scots Greys a 1894, aka kuma kashe shi a 1918.

Sun ajiye dawakai sun koma motocin sulke a 1941, sannan a 1971 aka haɗe su da wata runduna mai suna 3rd Carabiniers, suka zama Royal Scots Dragoon Guards.