Zauren Anti: Kayan da kanti ya sa wa sunansa, riba ne ko asara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, kuma cefanen wata a hannuna yake. A babban kantin da nake sayayya, kusan duk wani kaya na sanannen kamfani akwai irinsa a gefe ɗauke da sunan kantin, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Maigidana ya ce araha ba ta ado, wai jabu ne aka yi wa kwalliya. Ni kuma kuɗin ba sa kai mu ƙarshen wata. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki gaida maigida, amma a wannan maganar ban goyi bayansa ba. Mai jabu satar sunan wani yake yi ya manna wa kayansa, ya ɓuya. Kanti kuwa sunansa ya rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, in kayan ya yi aibu kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Yawancin kantunan ba su da masana'anta. Kwangila suke bayarwa a yi musu kayan a sa sunansu, wani lokacin ma wanda ya karɓi kwangilar shi ne mai sanannen sunan. Kantin Costco na Amurka ya fito da tambarinsa Kirkland Signature a 1995, kuma shugaban kamfanin da bakinsa ya faɗa a 2016 cewa Duracell ne ke yi musu batir. Sai dai kada ki ɗauki wannan ki yi ta yawo da shi. Akwai kamfanonin da ba sa yi wa kowa, kuma ko masana'anta ɗaya ce, mai kwangila yana iya cewa a rage masa wannan a ƙara wancan.

Rahusar fa daga ina? Kuɗin tallan talabijin, da na tauraron da ke murmushi a jikin allo, da wanda kamfani ke biyan kanti don a jera masa kaya daidai saitin ido, duk a aljihunki suke ƙarewa. Kayan kanti bai ɗauki wannan nauyin ba. Abin ba sabo ba ne: tun 1976 kantin Carrefour na Faransa ya fito da kayayyaki 50 cikin farin kwali ba ado, Aldi na Jamus kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da yake sayarwa nasa ne.

Ga yadda nake yi. Ina juya kwalin in karanta bayansa. A ƙa'ida ana jera abubuwan da aka haɗa ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. In na ga layi ɗaya tal, misali an rubuta sukari an yi shiru, to magana ta ƙare. Farin sukari sinadari guda ne, suna ba ya ƙara masa zaƙi. Haka gishiri, ki dai duba an sa masa aidin. Fulawa, man girki, taliya, bekin hoda, madarar ruwa, ganyayyakin da aka daskarar, duk na kanti nake jefawa a kwando ba na waiwaye. Tumatirin gwangwani sai na ɗan tsaya: na taɓa riƙe biyu hannu da hannu, ɗaya tumatir da gishiri kaɗai, ɗayan an biyo da sitaci da sukari da kala. Mai gajeren jeri na ɗauka, ko ma sunan wa yake ɗauke da shi.

Ba ni kaɗai ba ce. Wasu masana tattalin arziki huɗu, cikinsu har da Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro, sun wallafa bincike a 2015 kan sayayyar jama'a. Sun gano ƙwararrun masu dafa abinci sun fi sauran mutane sayen gishiri da sukari na kanti. Wanda girki ne sana'arsa ke nan.

A kayan tsabta, bilic shi ne mafi sauƙi. Ƙarfinsa sinadari ɗaya ne, kuma ana rubuta kasonsa a jikin gora. Ki gwada lambar nan da ta mai tsada, in sun yi daidai ki ɗauki mai araha. Ki duba kwanan wata kuma, don bilic yana sanyi in ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. Soson wanke-wanke, tsumman goge-goge, ruwan goge gilashi, auduga, duk ba sa buƙatar suna.

Inda maganar maigida take da ƙamshin gaskiya shi ne sabulun ruwa na wanke kwanuka. Ki karkata gorar ki gani. Wani yana gangarowa a hankali, wani kuwa tsululu. Mai tsululun sai kin tsiyaya ninki biyu kafin maiƙo ya saki tukunya, kin ga rahusar ta bi ruwa. Haka ledar shara: in siririya ce, sai kin ɗaga ta cike ta fashe miki a bakin ƙofa, daga nan ki koma haɗa biyu-biyu. Tishu ma ki duba ninki nawa ne da yawan fallen da ke cikin naɗi. Shayi da kofi da cakulan kuwa harshe ne alƙali. Ki sayi ƙaramin na kanti, ki juye a mazubin da aka saba gani, ki yi shiru. In ba wanda ya yamutsa fuska, shi ke nan. Ban ce ki yi wa maigida ƙarya ba fa, in ya tambaya ki faɗa masa.

Kuma ki saba da duba ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi a jikin kanta, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Da shi ake gane gaskiya, don kwalaye ba girmansu ɗaya ba. Ranar da aka yi wa mai suna ragi, yana iya saukowa ƙasa da na kanti.

Tambaya: Anti barka da aiki. Abinci na yarda, amma magani da madarar jarirai fa? Tsoro nake ji. Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, tsoronka a kan hanya yake, amma ga abin dubawa. Panadol na yau da kullum farasitamol ne miligiram 500. Na kanti in an rubuta farasitamol miligiram 500, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar da kake ta yi masa rajista, aiki ɗaya za su yi maka. A binciken da na ambata a sama, masu harhaɗa magunguna kashi 9 cikin 100 kawai na sayayyarsu ta maganin ciwon kai ke tafiya ga sanannen suna, sauran jama'a kuwa kashi 26. Ka duba sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da lambar rajista, da ranar lalacewa, ka kuma saya a wurin da aka amince da shi.

Wannan na maganin ciwon kai da mura ne. Wanda likita ya ɗora mutum a kansa na dogon lokaci, irin na farfaɗiya ko na maƙoƙo, ba a sauya kamfani sai da saninsa, don ɗan bambanci kaɗan yana iya taɓa majiyyaci.

Madarar jarirai tana cikin abincin da doka ta fi matsa wa ido. A Amurka tun 1980 akwai dokar da ta ƙayyade sinadaran da dole kowace madarar jarirai ta ƙunsa, ta kanti ce ko ta babban kamfani, Tarayyar Turai ma tana da nata ƙa'idojin. Amma in yaron bakwaini ne, ko jikinsa ba ya karɓar madarar shanu, likita ne zai zaɓa masa.

Tambaya: Anti, me ya sa kwalin na kanti ke kama da na mai suna har mutum ya ɗauka bisa kuskure? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Da gangan ne, ƙanwata, so ake idonki ya ce miki ai duk ɗaya ne. Har kotu ake zuwa a kai. A 2021 kantin Marks & Spencer na Birtaniya ya maka Aldi a kotu kan wani kek mai siffar tsutsa, suka sasanta a 2022. Ki riƙa karanta sunan kafin ki kai wurin biya, in kuma kin riga kin dawo gida da shi, ki adana rasit, yawancin manyan kantuna suna karɓar kayansu in ba a buɗe ba.