Tambaya da Amsa: Bayan Márquez, Wane Marubuci Zan Nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makarantar sakandare ce a Gusau, kuma tun ina yarinya nake karatun littattafan Hausa, daga Magana Jari Ce har zuwa na marubutan Kano. Bara na ari littafin Gabriel García Márquez mai suna One Hundred Years of Solitude, na karanta shi sau biyu, kuma tun daga lokacin duk littafin da na ɗauka sai in ji shi kamar miyar da aka manta gishiri. Shin abin da na karanta a fassarar Turanci shi ne ainihin littafin? Kuma wane marubuci ne ya kamata in nufa bayansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Márquez ɗan ƙasar Kolambiya ne, da Sifaniyanci ya rubuta littafin, ya fito a 1967, sannan Gregory Rabassa ya mayar da shi Turanci a 1970, fassarar da marubucin da kansa ya yaba matuƙa. Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Kiɗan harshe yakan ragu a fassara, wannan ba makawa, amma abin da ya kama ki yana nan daram, wato yadda ake faɗin abin al'ajabi fuska a ɗaure, kamar ana faɗin farashin gero. Márquez kansa ya ce wajen kakarsa ya koyi wannan salo, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban tsohuwa tana tatsuniya ya san muryar.

A kan tambaya ta biyu kuwa, shawarata ita ce kada ki shiga neman wanda ya yi kama da Márquez, domin masu kwaikwayonsa suna da yawa kuma galibinsu suna gundurarwa. Ki juya gabas, ki nufi Najib Mahfuz na Masar, wanda ni dai ban ɓoye ba shi ne gwanina. An haife shi a Alƙahira a 1911, ya rasu a 2006, kuma a 1988 ya zama marubucin Larabci na farko da ya karɓi kyautar Nobel. Ki fara da Bainal Ƙasraini, na farko cikin littattafai uku da suka fito a 1956 da 1957 suna bin iyali guda har jikoki.

Labarin yana buɗewa ne da Amina, matar kulle, ta farka da tsakar dare tana jiran mijinta Sayyid Ahmad Abdul Jawad ya dawo daga yawon shaƙatawarsa, domin ta haska masa matakala da fitila. Mutumin nan a gida zaki ne da ba a iya ɗaga ido a gabansa, a waje kuwa mai raha ne da son kiɗa da mata, kuma gwanintar Mahfuz ita ce bai mayar da shi dodo ba, ya bar mu muna jin haushinsa muna kuma fahimtarsa. Akwai wurin da maigidan ya yi tafiya, 'ya'yan suka lallashi uwarsu ta fita ziyarar masallacin Husaini wanda ta daɗe tana hango hasumiyarsa daga saman soro, mota ta buge ta a hanya, da ta warke kuma maigidan ya kora ta gidan mahaifiyarta. Ban san mai karatu a ƙasar Hausa da zai wuce wannan babi bai tuna wani gida da ya sani ba. Har yau Misirawa suna kiran miji mai mulkin mallaka da Si Sayyid.

In kin yi Larabci a Islamiyya gwargwado, ki jarraba shi da asalin harshensa, domin da daidaitaccen Larabci yake rubutu, har maganganun mutanen labarin, kuma wannan falala ce da masu karanta shi a Landan ba su da ita.

Daga nan sai Ɗayyib Salih na Sudan, mai Mausimul Hijra ilash Shamal na 1966, ɗan ƙaramin littafi mai nauyi a kan wani da ya je karatu Ingila ya dawo ƙauyen bakin Nilu da asirinsa. Yana da wurare masu tsauri, saboda haka ki karanta shi tukuna kafin ki miƙa wa ɗalibanki. Sai kuma Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar da ya sami Nobel a 2021, wanda littafinsa Paradise na 1994 ke ba da labarin yaro Yusuf da aka jinginar wa wani attajiri saboda bashin mahaifinsa, ya bi ayarin fatake zuwa cikin ƙasa. Shi da Turanci ya rubuta, don haka maganar fassara ba ta taso ba.