Manhajar waya za ta iya taimaka wa mai ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata na fama da sankarar mama, ana yi mata kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) duk bayan mako uku, kuma ni ke jinyarta. An ce mini akwai manhajojin waya da ke taimaka wa masu irin wannan ciwo. Da gaske ne? Wacce zan sauke? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Da gaske ne, amma da sharaɗi. A cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke birnin New York a Amurka, an yi bincike kan mutum 766 masu karɓar kemo, waɗanda ciwonsu ya riga ya bazu. Wasu daga cikinsu suna aika bayanin alamomi 12 ta intanet, irin su ciwo, amai da gudawa, kuma da zarar abu ya tsananta sai saƙo ya isa wurin nas. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 31, na sauran kuwa wata 26. Ki lura, ana ganin ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi aikin shi ne nas ɗin da ke karanta saƙon ta kira a kan lokaci. Don haka kafin ki sauke komai, ki tambayi sashen da ke yi wa Mama kemo ko suna da lambar da ake kira, ko ta WhatsApp, idan wani abu ya taso tsakanin zuwa da zuwa. Wannan lambar ta fi kowace manhaja amfani.

Don tuna lokacin shan magani, MyTherapy ko Medisafe sun wadatar, ƙararrawar waya ma tana yi.

Inda na fi so ki dage shi ne rubutawa kullum. Iyayenmu mata akwai kara da dauriya: a kwana ana amai, amma likita na tambaya sai ki ji "Alhamdulillahi, da sauƙi." A kan wannan amsar kuwa ake yanke shawarar magani. Kowace yamma ki rubuta a waya zafin jikinta, sau nawa ta yi amai ko gudawa, abin da ta iya ci, ko bakinta ya yi gyambo, ko yatsunta na mutuwa, da tsananin ciwo daga 0 zuwa 10. Ki ɗauki hoton duk sakamakon gwajin jini da takardar magani. Ranar asibiti ki miƙa wa likita ya gani da idonsa.

Abu ɗaya ba a jiran manhaja a kansa, wato zazzaɓi. Kemo na rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In ya nuna digiri 38 na Celsius ko sama, ko tana rawar sanyi, ku tafi sashen gaggawa nan take ko da tsakar dare ne, ku ce tana kan kemo. Kada a ce maleriya ce a ba ta farasitamol a jira gari ya waye.

Duk manhaja ko shafin da ya yi alkawarin warkar da daji, ko ya ce a dakatar da kemo a sayi nasa maganin, ki goge shi. Kuma kada ki saka hoton takardunta a zaurukan sada zumunta da ba ki san masu su ba, sai da izininta.