Amsa: Hoton ƙwaƙwalwa zai nuna ko Baba zai warke?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an yi masa allurar narkar da gudan jini bayan shanyewar ɓarin jiki, kana tambaya ko hoton ƙwaƙwalwarsa zai nuna yadda zai farfaɗo.

Yana nunawa, amma hasashe ne. Hoton CT na farko ana yinsa ne don a tabbatar ba jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ba, kafin a ba da alteplase, wato allurar narkar da gudan jinin, cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon. A jikin hoton nan likitoci suna duba wurare goma, duk wurin da ya fara dusashewa a cire maki ɗaya daga cikin goma. Ma'aunin ASPECTS ke nan, daga Kanada, tun shekarar 2000. Wanda ya samu 8 zuwa 10 ya fi sa ran komawa harkokinsa. Daga 7 zuwa ƙasa, haɗarin naƙasa da zubar jini ya fi yawa.

Abin da na fi so ka gane: akwai sashen ƙwaƙwalwa da ya riga ya mutu, akwai kuma na gefensa da jini bai ishe shi ba amma da sauran ransa. Wannan na gefen shi allurar take ceta. Hoton MRI ya fi na CT nuna girman wanda ya mutu.

Ka tambayi likitansa makin da Baba ya samu, da abin da hoton da ake sake yi bayan awa 24 ya nuna. Shekarunsa, suga da hawan jini su ma suna da tasiri. Gashin ƙashi kuwa, kada ku yi wasa da shi, a fara da zarar likita ya ba da izini.