Makarantar 'yata ba ta koyar da Adabin Turanci: za ta samu gurbin karatun lauya kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. 'Yata ta gama aji ɗaya na babbar sakandare, tana da ƙoƙari ƙwarai, kuma ba ta da burin da ya wuce karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne makarantarsu ba ta da malamin Adabin Turanci. Shugaban makarantar ya ce kada in damu, ta ɗauki Tattalin Arziki a madadinsa, domin idan ta ci maki mai yawa a JAMB babu wanda zai tsaya duba wannan. Wani ɗan uwana kuma ya ce ya san wani a jami'a da zai shigar da ita in lokacin ya yi. Shin za ta samu gurbin, kuma waɗanne darussa ya kamata ta riƙe? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, hankalinka ya tashi a kan abin da ya cancanci tayar da hankali, kuma ka yi dace da ka tambaya yanzu, tun da sauran shekara biyu a gaban yarinyar.

Bari in fara da batun samun gurbi. Tsangayar koyar da shari'a ba kamar sauran tsangayoyi take ba, domin ba jami'a kaɗai ke yanke yawan ɗaliban da za ta ɗauka ba. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda Makarantar Horas da Lauyoyi ke ƙarƙashinta, ita ke ba kowace tsangaya kasonta na shekara, kuma ko Jami'ar Ahmadu Bello, wadda take cikin masu kaso mafi tsoka, nata bai kai 300 ba, alhali masu nema dubbai ne. A cikin wannan kason ne kuma ake ware wa masu shiga aji biyu na jami'a kai tsaye nasu. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na zallar cancanta, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. 'Yar jihar Katsina tana iya shiga ta kowace ƙofa cikin ukun a Zariya da Kano, sai dai a bayan kowace ƙofa akwai tarin 'yan Kano da Kaduna da Jigawa masu irin ƙoƙarinta. Don haka mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa, wato 150 cikin 400 a shekarar 2025, ba na mai neman karatun lauya ba ne. Ni ina ba ɗalibaina shawara su sa 270 zuwa sama a gabansu, sannan su ɗauki jarrabawar tantancewa ta jami'a da irin muhimmancin da suka ba ta JAMB. Ta kuma sa jami'ar da take so a zaɓin farko, domin manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a na biyu.

Darussan kuwa ba su da wahalar lissafawa. A WAEC ko NECO tana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Adabin Turanci, kuma ta riƙe Lissafi da kyau. A JAMB, haɗin da ya fi buɗe mata ƙofofi shi ne Turanci, Adabin Turanci, Gwamnati ko Tarihi, sai Ilimin Addinin Musulunci ko Larabci. Dalilin na ƙarshen shi ne Zariya tana da reshen dokar ƙasa da reshen Shari'ar Musulunci, Bayero kuma digirinta ya haɗa biyun, saboda haka mai Adabi a hannu ɗaya da Larabci ko Ilimin Addini a ɗaya hannun ba ta rufe wa kanta hanya ko ɗaya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato maganar shugaban makaranta. Wannan magana ta cewa maki mai yawa yana rufe giɓin darasi, babu shekarar da ba na jin ta, kuma ban san wata jita-jita da ta salwantar da shekarun yara masu hazaƙa kamarta ba. Ba gaskiya ba ce, kuma ba ta taɓa zama gaskiya ba. Tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin bai ɗaya na bayar da gurbi ta intanet, wanda ake kira CAPS, sakamakon sakandaren ɗalibi da haɗin darussan da ya rubuta suna gaban jami'a da hukumar baki ɗaya. Kafin a zo ga jera masu nema daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, sai an fara tace waɗanda suka cika sharuɗɗan kwas ɗin. Yarinyar da ta ci 310 ba tare da darasin da aka shardanta ba, ba a ƙasan jerin za a sa ta ba, sunanta ma ba zai shiga jerin ba, kuma wadda ta ci 255 da cikakkun darussa za ta wuce ta bar ta tsaye. Jami'in ɗaukar ɗalibai da ke da dubban takardu da kujeru ɗari biyu da 'yan kai ba ya neman dalilin yi wa kowa uzuri, dalilin rage jerin yake nema, kuma rashin darasi shi ne dalili mafi sauƙi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu yaɗa maganar ba jahilai ba ne. Makarantar kuɗi da ta ƙi ɗaukar malamin Adabi saboda ɗalibansa ba su da yawa, ba za ta ce wa uba ta gaza ba, sai ta ce darasin ba dole ba ne. Wata kuma malamin tana da shi, amma tana janye yara daga darasin saboda ana yawan faɗuwarsa, ita kuwa so take allon tallarta ya nuna kowa ya ci. Sai kuma mai shagon intanet da ake miƙa wa rajista, wanda zai dubi yarinya ya ce Adabi wahala ne, ya zaɓa mata abin da ya ga dama, ya karɓi kuɗinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kasance a wurin ranar da za a ce mata ta canja zuwa wani kwas ko ta jira baɗi. Ina ganin iyaye suna zuwa da takardar sakamako mai kyau kamar me, suna rantsuwa an zalunci 'yarsu an ba 'ya'yan manya, alhali tun ranar da aka cike takardar zaɓen darasi a aji ɗaya aka gama magana. Ba na cewa babu son kai a jami'o'inmu. Cewa nake yi da yawan abin da ake ɗora wa son kai, a sakandare aka shuka shi.

Kuma ba don mugunta aka shardanta Adabin ba. Ɗalibin lauya zai shafe shekara biyar yana karanta hukunce-hukunce masu shafuka da dama cikin Turanci mai nauyi, yana tsamo hujjar da alƙali ya dogara da ita daga cikin maganganun da ya yi a gefe, sannan ya rubuta amsa doguwa mai tsari. A duk darussan sakandare, Adabi ne yake tilasta wa yaro ya karanta littafi daga bango zuwa bango, ya kafa hujja da abin da ke cikinsa. Yaron da aka ɓoye wa wannan wahala a sakandare, tana nan tana jiran sa a harabar Kongo, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take.

Haka nan kada a ruɗe ku da sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a watan Oktoban 2025, wadda ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan ɓangaren Arts. Tuni wasu suka mayar da ita izinin watsar da Lissafin. Ma'aikatar da kanta ta sake fitowa ta ce dole kowane ɗalibi ya rubuta Lissafi, kuma tsangayar da masu nema suka yi mata yawa ba ta da dalilin fifita mai giɓi a kan wanda ba shi da shi.

Maganar ɗan uwanka kuwa, in na yi masa kyakkyawan zato, ya faɗi abin da ba ya hannunsa. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ta sha nanata cewa ba ta san da shi ba, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajistarta ba zai je bautar ƙasa ba. A fannin lauya abin ya fi haka muni, domin digirin ba ya mayar da mutum lauya sai ya je Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko a wani reshenta, kuma da kason nan ake tura sunaye. Tsangayar da ta ɗebi fiye da kasonta, ɗalibanta ne ke zaman jira bayan sun gama. A watan Janairun 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bayan matakin da Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta ɗauka a kansu. Haka ita ma dabarar a shiga wani kwas daga baya a koma lauya, kujerar da za a koma ɗin a cikin kason take, kuma a can ma sai an nemi Adabin.

Abin yi a fili yake. Ka koma wurin shugaban makarantar ka nemi a yi mata rajistar Adabin Turanci, in ya so ka ɗauko mata malami a gida. Littattafan da aka ƙayyade sanannu ne, shekara biyar suke yi kafin a canja su, kuma shekara biyu ta ishi yarinya mai ƙoƙari ta gama ƙagaggun labaran da wasannin kwaikwayon da waƙoƙin, muddin littattafan kansu take karantawa ba 'yan taƙaitattun bayanan da ake sayarwa a bakin titi ba. Idan makarantar ta ƙi, ka canja mata makaranta kafin a shiga aji biyu, ko da kuwa ta gwamnati ce. Akwai hanyar rubuta darasin a jarrabawar masu zaman kansu, amma wannan ya zama zama biyu ke nan, kuma wasu jami'o'i, irin su Jami'ar Legas, sakamakon zama ɗaya kaɗai suke karɓa, don haka ban so ta zama hanyarku ta farko ba. Ka kuma sa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina cikin lissafinka, domin tana da tsangayar shari'a, kuma lauyan da ta yaye makarantar horaswa ɗaya zai je da na Zariya.

Idan shekarar rajista ta zo, ku zauna kai da ita ku buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a shafin hukumar, ku karanta sharuɗɗan da aka rubuta a ƙarƙashin sunan kowace jami'a, domin suna ɗan bambanta kuma ana sabunta su. Ranar rajistar ka raka ta cibiyar da JAMB ta amince da ita, ku karanta darussa huɗun a kan allon kwamfuta da idanunku kafin a tura.