Me ya sa makin 'yan wasan alkafura ke wuce 10 yanzu?

Malama, kin tambayi yadda Simone Biles ke samun 14 ko 15, alhali a da 10 ne ƙololuwa, irin wanda Nadia Comaneci ta samu a 1976.

Tun 2006 aka sauya tsari. Maki biyu ake haɗawa: na wahalar motsi, mara iyaka, da na aiwatarwa, wanda ke farawa daga 10, ana zaftarewa kan kowane kuskure.

Dubi wasan dandamali, wato alkafura a kan shimfiɗar ƙasa, a Olamfik na Faris, 2024. Makin wahalar Biles 6.9, na Rebeca Andrade 'yar Brazil 5.9. Amma sau biyu Biles ta fita daga layin iyakar filin, aka cire mata 0.6. Andrade ta ɗauki zinare da 14.166, Biles 14.133. A ganina Andrade ta cancanta, saukarta tsaf take.